Rukuni na Bakwai Ya Kwanta Dama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, Malama Noreen Kallio, mai koyar da darasin rubutu a ƙaramin reshen kwaleji da ke garin Alder Bay, tana sanar da ɗalibai da abokan aiki da sauran abokan arziki rasuwar Rukuni na Bakwai, ajinta na yammacin Talata da Alhamis, wanda rai ya yi wa halinsa a farkon sanyin bana bayan gajeriyar jinya. A takardun kwaleji ba a ce ya rasu ba. Cewa aka yi an haɗe shi da Rukuni na Ɗaya. Malama Noreen ba ta ja da takarda ba, amma ita ta yi jinyarsa, ita kuma ta rufe masa ido, don haka ta ga ya kamata a sanar da mutane yadda aka saba sanarwa.

An haifi marigayin a cikin manhajar karatu ta kwaleji, inda kowane aji ke da shafinsa: nan malami ke zuba darasi, nan ɗalibi ke miƙa aiki, nan ake duba maki. Shekaru da dama Malama Noreen na ɗauko shi daga kakar bara ta sauke shi a ta bana, da kayansa da komai, kamar mai sauya wa tsohuwar shuka tukunya. Ba kyakkyawa ba ne, ba a kuma taɓa yi masa wannan ƙazafi ba. A goshinsa akwai hoton tafki da Malama ta ɗauka da kanta, ya karkace, gefen yatsanta ya leƙo ta kusurwa. Wasu ƙofofinsa in ka danna ba sa kai ka ko'ina. Akwai wani darasi kan waƙafi da ya maƙale a ƙarshen zango tun zamanin da ba wanda ya tuna, an yi juyin duniya ya dawo farko ya ƙi.

Sai dai yana da haƙuri. Wanda ya kawo aiki a makare yakan karɓa, bai taɓa shafa wa sunan kowa jan fenti ba, domin tun yana ƙarami Malama ta raba shi da wannan hali. Ya san mutanensa ba yara ba ne. Mutane ne masu tasowa daga wurin aiki su wuto aji kai tsaye, wani da warin man inji a riga, wata da na maganin goge ƙasa, wasu da hoton jikoki a fuskar waya. Yawancinsu rabonsu da makaranta an daɗe, kuma ba da daɗi aka rabu ba.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne zaurensa, wurin da ɗalibai ke rubuta wa juna. A wasu azuzuwan zaure kufai ne, kowa ya shiga ya rubuta "na yarda da kai" don a ba shi maki, ya fice. A Rukuni na Bakwai hira ake yi. Arvid Lund, direban motar share ƙanƙara, mutumin da ya doshi sittin, ya shigo ajin ne don an ce sai da takarda za a ba shi shugabancin direbobi. Da sassafe yake rubutu kafin ya fita aiki, kuma da manyan baƙaƙe zalla, don a cewarsa ƙananan na yi masa kama da kashin ɓera. Yolanda Tibbs, mai kula da tsofaffi a gidan jinya, takan amsa masa a lokacin shan kofi, ta ce, "Baba, daina yi mana ihu, mun ji ka." Shi kuma Likita yake kiranta, yana cewa in ta gama da tsofaffinta ta zo ta duba masa gwiwa. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, nan ba da jimawa ba zai faɗo hannunta, ta riga ta ajiye masa gado kusa da banɗaki. A tsakanin irin wannan tsokanar ne suke gyara wa juna jimla, kuma Malama Noreen ta lura sun fi jin gyaran juna a kan nata.

Marigayin ba mai yawan magana ba ne. Muryarsa ɗaya ce, wani ɗan "tin" da yake yi a waya duk lokacin da wani ya yi rubutu. Malama takan ji shi tana wanke-wanke, ko tana layin biyan kuɗi a kanti, ko tana tuƙi a hanyar bakin tafki, sai ta ce a ranta, ga ɗaya daga cikin mutanena can ya zauna ya rubuta wani abu. In ciwonsa na sanyi ya motsa, wato in layin sadarwa ya yi nauyi, ba ya koke. Wani ɗan zobe ne yake ta juyawa a tsakiyar fuskarsa, shiru, har abin ya wuce.

A kakar bana wata mata ta shigo ajin. A wannan sanarwa za a kira ta Corinne. Ba sunanta ba ne, kuma mai karatu zai ga dalili. Ba ta wuce talatin da 'yan kai ba. Gashinta gajere ne, da alama ba a daɗe da yanke shi ba, domin hannunta yakan kai kafaɗa neman abin da babu. Kusa da ƙofa take zama, a kujerar da ake hango filin ajiye motoci ta taga. Aikin farko a ajin shi ne kowa ya gabatar da kansa a zaure. Kowa ya yi, ita ba ta yi ba. Ranar Alhamis da aka tashi ta jira har ɗakin ya watse, ta tsaya tana gyaran igiyar jakarta da babu abin da ya same ta.

"Malama, wa da wa ke ganin abin da muke rubutawa a zauren nan?"

"Mu kaɗai. Waɗanda kika gani a ɗakin nan, sai ni."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, 'yar'uwa."

A ranar da Malama Noreen ta faɗi haka, gaskiya ta faɗa. Iyalan mamaci na so a san wannan.

Kafin ƙarshen mako Corinne ta yi rubutu. Ta ce da bazarar nan ta dawo garin daga birni, ita da 'yarta mai zuwa firamare. Ta ce tana gasa burodi da safe a babban kantin da ke gindin gada, kuma burinta ta iya rubuta takarda ba tare da gabanta ya faɗi ba. Har hoto ta sa, tana sanye da hular aiki, tana murmushin da bai gama yarda da kansa ba. Yolanda ta amsa cewa ashe ita ce mai wannan burodin kirfa da ya hana ta ramewa. Daga nan Corinne ta saki jiki. Ta zama mai karanta rubutun kowa, mai tuna sunan karen wani da ranar aikin asibitin mahaifiyar wata.

Da aka zo kan aikin da Malama ke bayarwa kowace shekara, wato a rubuta labarin wani wuri da mutum ya bari, Corinne ta kawo shafi uku ta sa a zaure don 'yan aji su duba. Ta ba da labarin wani gida a birni da kuma mijin da ke cikinsa. Ba ta tsawaita kan abin da yake yi mata ba. Ta fi tsayawa kan ranar da ta fita: yadda ta zuba kayanta da na 'yarta a kwandon wanki, ta ɗora kwalin sabulu a kai, ta wuce shi yana kallon wasa, ta ce za su je wankin kaya su dawo. Ta ce har yau in ta ji ƙamshin wannan sabulun sai ta nemi wurin zama.

Arvid ne ya fara amsawa, kuma ranar da ƙananan baƙaƙe ya rubuta. Ya ce, "Kin yi daidai. Akwai waƙafi biyu da suka ɓace a sakin layi na uku." Tun daga ranar, duk sa'ad da aka tashi aji, sai Arvid ya tuna yana so ya duba tayoyin motarsa, kuma motar tasa kullum kusa da ta Corinne take. Yakan yi ta bugun taya da ƙafa har sai ta tayar da tata ta hau titi. Babu wanda ya taɓa yin maganar, har ita.

Wannan shi ne marigayin a lokacin da yake da lafiya.

Ciwon ajalinsa daga gajiya ya faro, kuma ba gajiyarsa ba. Malama Noreen na da wani ajin, Rukuni na Ɗaya, darasi iri ɗaya, amma na ɗaliban babbar harabar kwaleji da ke birni, tafiyar rabin yini daga Alder Bay. Ta intanet take koyar da su, ba ta taɓa ganin ko ɗayansu ido da ido ba. Komai sau biyu take yi. Ta ɗora darasi nan, ta ɗora can. Ta gyara ranar miƙa aiki nan, ta manta can, saƙonnin ƙorafi su yi ta shigowa. Wuyan hannunta na dama ya daɗe yana ciwo. Don haka ranar da shugaban sashe, Dakta Pruitt, ya aiko da sanarwa cewa duk malamin da ke da rukuni fiye da ɗaya na darasi guda za a haɗe masa su a shafi ɗaya, ba ta ji haushi ba. Sauƙi ta ji. A al'ada kafin a buɗe makaranta ake wannan aiki, lokacin da shafukan ba kowa a ciki, amma bana an sauya manhaja, abubuwa suka yi jinkiri har zango ya kusa rabi.

Malam Hollis na ofishin kwamfuta shi aka ba aikin. Mutum ne mai sanyin murya, ya yi mata bayani ta waya a tsanake. Ya ce haɗewa kamar gida biyu ne za su koma ɗaya: rukuni ɗaya zai zauna a inda yake, ɗayan ya taso ya same shi, kuma wanda ya taso ba ya zuwa da kaya, duk abin da aka rubuta a zaurensa a can zai bar shi. Ya ba da shawarar Rukuni na Bakwai ya tashi, tunda shi ne ƙarami. Malama Noreen ta tuna ihun Arvid da amsoshin Yolanda, ta tuna shafi ukun Corinne, ta ce a'a, ba za a zubar da wannan ba. Na Ɗaya ba su da abin asara a zaurensu, su su taso. Hollis ya ce ba damuwa, duk ɗaya ne a wurinsa.

A can ƙasan shafin da ake haɗewar akwai wani ɗan akwati da bai fi ƙwayar wake ba. In an danna shi, kowane rukuni mutanensa kaɗai zai riƙa gani. Hollis ya ɗauka malamai ne ke dannawa, domin haka abin yake a tsohuwar manhaja. Malama Noreen ba ta san da akwatin ba. Ranar Juma'a da rana aka yi aikin, aka ce an yi nasara.

Kamar yadda yake faruwa ga wasu marasa lafiya dab da tafiya, marigayin ya yi wani irin farfaɗowa. Duk ranar Asabar wayar Malama ba ta huta ba, tin, tin, tin. Ɗaliban birni sun shigo sun tarar da zaure cike da hira, suna ta bi suna dangwala amsa don neman maki. Ta leƙa sau ɗaya, ta ga wani ya rubuta wa Arvid cewa labarinsa ya burge shi, ta ce to madalla, ta ajiye wayar. Ba ta tuna tambayar da aka yi mata a bakin ƙofa ba. Ta sha juya wannan a ranta daga baya, kuma amsar ba ta sauya ba: ba ta tuna ba.

Ranar Lahadi da la'asar tana kan kujera tana liƙa leda a tagar falo saboda sanyi, Yolanda ta kira. Ba gaisuwa, ba tsokana.

"Malama, buɗe zaure. Ki sauka can ƙasa, wajen gabatarwa."

A ƙarƙashin hoton Corinne mai hular aiki akwai sabuwar amsa daga wata ɗalibar Rukuni na Ɗaya, wadda za a kira Trish a nan. Ga abin da ta rubuta:

"Ikon Allah, ashe nan kika koma. Askin ya yi miki kyau. Yayana ya ce a gaida masa 'yarsa."

Malama Noreen ta san sunan. Ɗaliba ce mai ƙoƙari, ba ta taɓa makara da aiki ba. Abin da ba ta sani ba, kuma ba yadda za a yi ta sani tunda Corinne da sunan gidansu ta yi rajista, shi ne Trish ƙanwar mijin ce.

Ta karanta saƙon sau biyu. Ta jira ta ji wani abu ya taso mata, kuka ko tsoro ko fushi, ba abin da ya taso. Hannunta ne ya yi aiki. Ta rufe zauren ga kowa. Ta koma kan gabatarwar Corinne ta danna gogewa, manhaja ta tambaye ta ko ta tabbata, ta danna. Ta goge shafi ukun. Ta bi duk inda Corinne ta taɓa yi wa wani magana ta goge. Ta san ihu ne bayan hari, domin abin da ido ya gani ya gani, kuma waya na ɗaukar hoto. Ta kira lambar Corinne, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta kira ofishin tsaro na kwaleji ta bar saƙo. Daga nan ta koma kan kujera ta ƙarasa liƙa ledar, tunda ta riga ta yanka ta daidai tagar.

Daga baya aka gane cewa Corinne ta riga kowa gani. Marigayin da kansa ya kai mata labarin, da wannan "tin" ɗin nasa, domin bai san bambancin saƙo da saƙo ba, duk wanda aka amsa wa rubutu sai ya sanar da shi. Yolanda ta ce ƙila wannan ne alheri na ƙarshe da ya yi a duniya, don ya ba ta tazara.

Da safiyar Litinin Malama Noreen ta je kantin gindin gada. Shugabar masu burodi ta share hannu a rigar aiki, ta ce Corinne ta bugo tun kafin a kunna tanda, ta ba da haƙuri, ta ce ba za ta dawo ba. Matar ta dubi Malama sama da ƙasa kafin ta ƙara da cewa ɗazu wani mutum ya zo da hoto a waya yana tambaya, ita kuwa ta ce masa ba ta taɓa ganin mai wannan fuska ba. Malama ta yi godiya. Da ta ga a layi take tsaye, sai ta sayi burodi. Yana nan a kujerar bayan motarta har ya bushe.

Ranar Talata an yi aji. Kujerar kusa da ƙofa ba kowa, ba kuma wanda ya zauna a kai. Malama ta koyar da yadda ake buɗe sakin layi, ta yi rubutu a allo, ta yi tambayoyi, aka amsa wasu. Ana cikin haka Yolanda ta nuna taga da haɓa. Wata mota ce a filin, doguwa mai buɗaɗɗen baya, injinta na aiki, fitilunta a kashe, da mutum a ciki yana fuskantar ƙofar gini. Ƙanƙarar farko ta fara sauka tana narkewa a kan murfin injin. Arvid ya miƙe ya ce a yi masa uzuri, zai je ya duba taya. Ta taga suka ga ya tayar da motarsa ya zagayo, ya tsaya hanci da hanci da waccan, ya kunna duk fitilun da yake da su har da mai juyawa ta sama, ya harɗe hannu ya zauna. Bai fito ba, wancan ma bai fito ba. Mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi, mutumin ya ce jiran wani yake yi. Can ya ja da baya ya tafi. Arvid ya dawo ya zauna, ya tambaya a wane shafi ake.

Ranar Alhamis aka fara kwashe kayan mamaci. Yolanda ce ta fara, ta tsaya bayan an tashi ta ce, "Malama, ki goge nawa ma. Wanda na rubuta kan uwata. Ba don su na rubuta ba." Malama ta ce an rufe zauren, ba mai gani. Yolanda ta ce ta sani, a goge dai. Bayanta wata ta zo, bayan wannan wani ya zo. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya ce laifin wane ne, kuma Malama ta gwammace a ce an zage ta. Arvid bai nemi a goge masa komai ba. Ya dai daina shiga. Yanzu a takarda yake kawo aikinsa, a ninke huɗu a aljihun riga.

A makon ne Trish ta aiko da saƙo cikin ladabi, tana tambayar yaushe za a buɗe zaure, don akwai makin tattaunawa da bai shigar mata ba. A ƙarshe ta ƙara layi ɗaya, ta ce ta ji an yi ƙaramar magana, amma harka ce ta iyali, kuma kowane labari fuska biyu gare shi. Aikinta na wannan makon na jiran maki. Malama Noreen ta buɗe ta karanta. Labarin gidan kakarsu ne da aka sayar, da yadda yayanta ya ɗauke ta a kafaɗa tana ƙarama don ta tsinko tuffa. Rubutu ne mai kyau. Ta ba shi makin da ya cancanta, ta gyara waƙafi ɗaya, ta rufe kwamfutar.

Kwaleji ta yi abin da ya kamata a yi bayan an yi rashi. Dakta Pruitt ya kira taro, ya nuna alhini, kuma ba na ƙarya ba ne, fuskarsa ta faɗa. An sanar da 'yan sanda. An ƙara mataki ɗaya a takardar da ke koya wa malamai haɗe rukuni, an zana wa ɗan akwatin jan da'ira. Malam Hollis kuwa ba a aiko shi ba, da kansa ya tuƙo mota tun daga birni, ya tsaya a ƙofar ofishin Malama da hularsa a hannu. Ya ce ya kwana biyu ba ya iya cin abinci. Ya ce in tana so zai iya raba su a yau, Rukuni na Bakwai ya koma yadda yake.

"Yadda yake?" in ji ta.

Ya shiga juya hular a hannu. Ta ce ya bar shi kawai, ta kuma zuba masa kofi, don ya sha hanya. Suka zauna suna sha, injin ɗumama ɗaki na ta ƙugi a ƙarƙashin taga.

Numfashin ƙarshe ya fita ne ranar wata Laraba, Malama na cin abincin rana a mota. Waya ta ce tin. Saƙo ne daga manhaja, irin wanda ba hannun mutum ke rubutawa ba, yana sanar da ita cewa an cire ɗalibi ɗaya daga ajinta. Ba sai an gaya mata Corinne ce ba. Ta ƙarasa abincinta. Daga nan ta shiga saitin wayar ta kashe muryar, kuma ba ta sake jin ta ba.

Game da Corinne, abin da aka sani kaɗan ne. Wani saƙo ya shigo wayar Yolanda daga lambar da ba ta sani ba, yana cewa suna lafiya ita da yarinyar, kada a amsa. Yolanda ta karanta wa aji, ta goge a gabansu. Malama Noreen ba ta nemi ganin lambar ba. Arvid ya sunkuyar da kai ya daɗe yana duban hannuwansa, sannan ya ce ko yarinyar ta tafi da takalmin sanyi, domin inda duk suka nufa ƙanƙara ta riga su.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan'uwansa, Rukuni na Ɗaya, wanda ke zaune a gidan cikin ƙoshin lafiya, yana amfani da hoton tafkin da darasin waƙafin da ya maƙale. Ya bar ɗaliban yamma, waɗanda har yanzu suna zuwa, suna zama nesa-nesa da juna, suna rubuta abin da aka tambaye su ba ƙari. Ya bar Arvid Lund da Yolanda Tibbs, waɗanda suka koma gaisuwar mutunci. Ya bar Malama Noreen Kallio, wadda yanzu sau ɗaya take ɗora darasi, kuma wuyan hannunta ya yi sauƙi. Waɗanda suka riga shi tafiya sun haɗa da allon alli, da injin haska takarda a bango, da kantin shayi na ƙasan bene.

Za a yi zaman makoki ranar Alhamis mai zuwa a lokacin aji, a ɗakin da aka saba, na ƙarshen baranda. Babu gawa, don haka babu zuwa maƙabarta. Arvid zai zo da kofi a babban tulunsa na aiki, Yolanda ta ce za ta gasa dankali da nama, duk mai zuwa ya taho da cokalinsa. Ba a bukatar furanni. Maimakon haka, duk malamin da za a haɗe wa rukuni ana roƙonsa ya sauka har ƙasan shafi ya duba da idonsa. Ba za a kira suna ba, ba za a rubuta waɗanda suka halarta ba, ba a yarda da ɗaukar hoto ba. Ƙofa za ta kasance a kulle, wanda ya zo ya ƙwanƙwasa ya tsaya inda za a gan shi ta gilashi. Bayan an ci abinci za a ci gaba da darasi, domin zango bai ƙare ba, kowa ya riƙo biro da takarda.

In kuma a cikin masu zuwa ta'aziyya akwai wanda ya san inda Corinne da 'yarta suka sauka, iyalan mamaci na roƙonsa ya shigo, ya zauna, ya ci abinci, ya yi shiru. Kada ya gaya wa kowa. Kada ya gaya wa Malama Noreen, ko da ta tambaya.